Fitbit Inspire 3 a Hannun Dattijo: Inda Ya Dace da Inda Ya Gaza

Fitbit Inspire 3 ƙaramin agogon hannu ne mai ƙirga taku da auna bugun zuciya, wanda ya shigo kasuwa a shekarar 2022, bayan Google ya kammala sayen kamfanin Fitbit a farkon 2021. Ba don tsofaffi kaɗai aka ƙera shi ba, amma tunda 'ya'ya da jikoki kan saya wa iyayensu irinsa da fatan zai rage musu yawan zama, ya kamata a auna shi da bukatun wanda ya haura shekara 65.

Babban abin yabo a gare shi shi ne rashin takura. Ba shi da nauyi, ruwa ba ya lalata shi, kuma batirinsa kan kai wajen kwana 10 kafin ya nemi caji, abin da ke da muhimmanci ga wanda ba ya son hidimar na'ura kullum. Sai kuma tunatarwar da yake yi: idan saura minti 10 awa ta cika alhali mai shi bai yi taku 250 ba, sai ya ɗan girgiza a wuyan hannu. Taku 250 tafiya ce ta 'yan mintuna, wadda za a iya yi a cikin gida, kuma a ganina wannan 'yar tunatarwa ta fi dukkan sauran abubuwan da agogon ke alfahari da su amfani, domin babbar matsalar manyanta ita ce zaman da ke farawa da hantsi ya zarce har yamma ba tare da mutum ya ankara ba.

Akwai abin da ya wajaba a gyara tun ranar farko. Agogon yana zuwa da burin taku 10,000 a rana, adadin da ya samo asali daga tallar wata na'urar ƙirga taku a Japan a 1965, ba daga binciken likitoci ba. Wani bincike da Farfesa I-Min Lee ta jami'ar Harvard ta jagoranta, aka wallafa a 2019, ya bi mata fiye da 16,000 waɗanda matsakaicin shekarunsu 72 ne, ya gano cewa masu taku kusan 4,400 a rana sun fi masu taku 2,700 ƙarancin mace-mace, kuma amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har zuwa wajen taku 7,500, daga nan ya daidaita. Dattijuwar da ta yi taku 5,000 ta yi ƙoƙari ƙwarai, amma agogon da ba a saita ba zai nuna mata cewa rabi kawai ta kai, kuma irin wannan yakan karya gwiwa. Sauke burin abu ne mai sauƙi a cikin manhajar agogon da ake sawa a waya, muddin akwai wanda ya san da shi.

Nan ne rauninsa yake. Ba ya aiki sai an haɗa shi da wayar zamani da asusun Google, kuma wani ɓangare na bayanan yana ƙarƙashin tsarin biyan kuɗi na Premium. Fuskarsa siririya ce, da kaɗan ta fi faɗin yatsa, saboda haka mai raunin gani sai ya ɗauko tabarau ya kusanto da hannu kafin ya karanta lamba, mai ciwon gaɓoɓi kuwa yana iya shan wahala wajen zura bakin madaurin a rami da hannu ɗaya. Haka nan, kamar sauran na'urorin da ake ɗaurawa a hannu, da lilon hannu yake gane tafiya. Wanda ke dafe da keken dogarawa, ko mai jan ƙafa a hankali, zai iya tarar da ƙirgen ya gaza abin da ya taka. Ana sayar da wani maƙali daban na liƙa shi a jikin tufafi, sai dai a wannan hali ba ya auna bugun zuciya. Kuma kada iyali su ɗauka na'urar neman agaji ce, domin ba ya gane faɗuwa, ba ya kiran kowa.

Ya kamata a san cewa tafiya ɓangare ɗaya ce kawai. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 sun ba masu shekara 65 zuwa sama shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, da na daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku domin kauce wa faɗuwa. Agogon yana lissafa mintunan da kyau, amma tashi daga kujera ba tare da dafawa ba, ko tsayuwa da ƙafa ɗaya a kusa da bango, kusan ba su da daraja a lissafinsa, alhali su ne ke tsare mutum daga karayar ƙugu.

Ta fuskar zumunci kuwa, abin da yake bayarwa kaɗan ne, musamman tun da kamfanin ya cire gasannin taku da buɗaɗɗun ƙungiyoyi daga manhajar a watan Maris na 2023. Duk da haka, lambar da ke fuskarsa takan zama dalilin magana: jika ya kira ya tambayi kakarsa taku nawa ta yi yau, ko abokai biyu su sa lokacin fita tare don su cike abin da ya rage. Wannan amfani daga mutane yake fitowa, agogon sanadi ne kawai.

Saboda haka ina ganin ya dace da dattijon da ke tafiya da ƙafafunsa, yake da wayar zamani, kuma yake da wanda zai zauna da shi ya saita masa. Wanda ke zaune shi kaɗai, ko wanda ya taɓa faɗuwa, ya fi bukatar na'ura mai maɓallin kiran gaggawa, mai ciwon zuciya kuma ya tuntuɓi likitansa kafin ya ƙara yawan tafiya.