Kundin FRUS: Abin da Ɗalibin Tarihin Zamani Zai Samu a Rumbun Takardun Amurka

Duk wanda ya taɓa duba aikin ɗalibin da ya zaɓi yin bincike a kan abin da ya faru shekaru hamsin ko sittin da suka wuce ya san inda gizo ke saƙar: masu ba da labari suna nan da ransu, kowa da ɓangaren da yake karewa, amma takardun hukuma suna kulle. Masanin tarihin nan na Jamus, Hans Rothfels, ya bayyana wannan fanni a 1953 da cewa tarihi ne na zamanin waɗanda muke raye tare da su, kuma wahalarsa ke nan. Saboda haka ne na daɗe ina tura ɗalibaina zuwa kundin da ake kira Foreign Relations of the United States, ko FRUS a taƙaice, wanda sashen tarihi na Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka yake wallafawa, yake kuma sakawa a intanet kyauta.

An fara fitar da kundin a 1861, zamanin Shugaba Lincoln, kuma a yau juzu'ansa sun haura 450. Abin da ke ciki shi ne saƙonnin tangaraho tsakanin jakadu da Washinton, da bayanan ganawa, da takardun shawara da aka rubuta wa shugabanni. Ba a neman rajista ko kwabo, kuma ana iya sauke juzu'ai da dama a waya, abin da ba ƙaramin taimako ba ne ga mai lissafin kuɗin data. Ni kaina na karanta wani babi nasa a cikin mota, a hanyar da babu sabis ko kaɗan.

Abin da ya fi burge ni shi ne hashiyar da ke ƙarƙashin kowace takarda, wadda take faɗin rumbun da aka ciro ta, da matakin sirrin da aka ba ta tun asali, sau da yawa har da wanda ya tsara ta da wanda ya sa hannu. Wanda ya saba da karatun zaure zai ga kamar isnadi ne aka jera masa. Idan kuma an ɓoye wani abu, ana rubuta adadin layukan da ba a saki ba a daidai wurin, ta yadda mai karatu zai san cewa akwai rami, har ya auna faɗinsa.

Wannan ɗabi'a ba haka kawai ta samu ba. A 1989 an fitar da juzu'in da ya shafi Iran, aka kuma yi shiru a kan rawar da hukumar leƙen asiri ta CIA ta taka wajen kifar da gwamnatin Muhammad Musaddik a 1953, alhali duniya ta riga ta san zancen. Masana suka yi ca, shugaban kwamitin masu ba da shawara, Warren Cohen, ya ajiye muƙaminsa, sai Majalisar Dokokin Amurka ta kafa doka a 1991 wadda ta wajabta cewa kundin ya zama cikakke kuma sahihi, a kuma fitar da takardu cikin shekaru 30 da faruwar al'amari. Duk da haka, sai a 2017 juzu'in da ya cike giɓin Iran ya fito, kuma wa'adin nan na shekaru 30 ana yawan tsallake shi. A ganina wannan labarin kaɗai ya isa darasin mako guda a aji, domin ya nuna yadda hukuma ke iya faɗin gaskiya a kowane layi amma ta ɓatar da mai karatu ta hanyar abin da ta bari a aljihu.

Ga mai nazarin Nijeriya, wurare biyu ne za a fara dubawa. Juzu'i na 24 na shekarun 1964 zuwa 1968, wanda ya shafi Afirka, ya ratsa lokacin juyin mulkin 15 ga Janairun 1966, da na ƙarshen Yulin shekarar, da ɓarkewar yaƙin basasa a Yulin 1967, lokacin da Elbert Mathews yake jakada a Legas. Sai juzu'in E-5, kashi na 1, na zamanin Shugaba Nixon, inda ake ganin yadda fadar shugaban ƙasa da ma'aikatar harkokin waje suka riƙa jan igiya a kan batun Biyafara da kayan agaji har yaƙin ya ƙare a Janairun 1970.

Naƙasunsa kuwa a fili yake. Komai da Turanci ne, Turancin ma irin na ofis mai cike da gajerun sunaye, don haka sai an riƙa komawa jerin fassararsu da ke farkon juzu'i. Babban abin lura shi ne muryar da ake ji ta jami'an Amurka ce suna magana da junansu a kan maslahar ƙasarsu, kuma editoci ne suka tsamo takardun daga cikin dubbai. Ɗan kasuwar Sabon Gari da ya ga tarzomar 1966 da idonsa ba ya cikinsu, haka ma sojan da ya kwana a bakin daga. Na sha ganin ɗalibi ya ɗauko hasashen wani jami'in jakadanci ya kafa shi hujja, don kawai an taɓa buga masa hatimin sirri.

Saboda haka sharaɗin da nake gindaya wa ɗalibaina shi ne, duk takardar da suka ciro daga FRUS su nemo mata abokiyar gwaji ta ranar ko ta makon, ko dai daga tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian, ko daga takardun Gidan Arewa da ke Kaduna, ko kuma daga bakin dattijon da abin ya faru a gabansa.