Yaron unguwar Ali Ɗan Sofo da ya hana a wanke mini kwamfuta

Kwamfutata HP ce ta hannu, irin masu zuwa daga Faransa da maɓallan AZERTY, kuma Ubuntu 22.04, wani nau'in Linux, ke kanta maimakon Windows. Da ita nake buga wa ɗalibai jarrabawa. Ranar Lahadi ɗan yayata ya are ta, wai zai sa mini KDE, manhajar da ke canza kamannin allo, don ta yi kyau. Ya sa, ya hau kabu-kabu ya koma Tibiri abinsa. Da na kunna da dare, shafin shiga da na saba gani da sunana a tsakiya ya ɓace, wani baƙon shafi ya fito da ƙaton agogo. Na buga kalmar sirri sau shida, ya ƙi ni.

Mai gyara na farko, wajen babbar kasuwa, ko zama bai yi ba ya ce ƙwayar cuta ce, sai an wanke ta ƙal an sa Windows, sefa 5000. Na tambayi takarduna na shekara uku, ya ɗaga kafaɗa. Na ɗauki abina.

Na biyu wani yaro ne a unguwar Ali Ɗan Sofo, nan Maradi, shagonsa ɗan tsugul, fanka ɗaya. Ya ce, "Mushe, kalmar taku akwai A ko M a ciki?" Na ce duka biyun. Ya yi dariya. Ashe sabon shafin, SDDM sunansa, ya ɗauki maɓallaina a matsayin QWERTY na Amurka: in na danna A sai ya rubuta Q, wurin M kuma wata alama yake sawa. Tun da ɗigo-ɗigo kawai mutum ke gani, ina zan sani? Kalmata daidai take, ni ne nake ta zargin tsufa.

Ya danna Ctrl da Alt da F3, baƙin allo ya fito, na shiga da sunana. Ya rubuta sudo dpkg-reconfigure gdm3, aka ba shi zaɓi biyu, ya ɗauki gdm3, wato shafin shiga na Ubuntu na asali, ya kashe ya kunna. Shafina na dā ya dawo. A cewarsa, lokacin sa KDE na'urar takan tambayi wanda za a bari a bakin ƙofa, ɗan yayata ya zaɓi sddm bai karanta ba. Bai cire komai ba, KDE na nan a ɗan maɓallin da ke ƙasa ta dama in na so shi. Minti 10, sefa 1000.

Inda ya gaza: tambarin Kubuntu, wato Ubuntu mai KDE, bai daina fitowa ba idan na'ura na tashi, kafin a kai shafin shiga. Ya ce wannan aikin Plymouth ne, manhajar da ke nuna hoto lokacin tashi, daban yake, in dawo bayan la'asar. Na dawo, shago a kulle. Kuma bayani sai ka ja shi da ƙugiya. Da ban tsare shi na kwafe umarnin a bayan takardar jarrabawa ba, da ban san me aka yi ba.

Duk da haka, mai Linux a Maradi da ya shiga irin halin da na shiga, can zan tura shi, ya je da safe. Tambarin kuwa na bar shi, ɗan yayata zai zo hutu, shi zai cire abinsa a gabana.