Sabon wayarin da makunnan kariya a injin yankan ciyawata

A nan jihar Ohio ta Amurka, wanda ya bar ciyawar ƙofar gidansa ta yi tsawo yana iya samun takardar gargaɗi daga hukumar gari, shi ya sa injin yankan ciyawa irin wanda ake hawa ya zama kayan aikin gida. Nawa na hannu ne. Da sanyi ya wuce na tarar ɓeraye sun ci wayoyinsa a rumfar ajiya, sai na sayi cikakken damin wayarin, haɗe da makunnin kujera da na birki, na ɗaura da kaina. Kuɗina bai tafi a banza ba, duk da akwai abin da bai yi mini ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne taswirar wayoyin da ta zo a kwalin, domin ita ta fahimtar da ni cewa wutar injin nan hanya biyu take bi. Ta farko ta tayarwa ce. Wuta na tasowa daga batir mai bolt 12, ta bi fiyus zuwa makulli, sannan ta ratsa makunnin birki da na wuƙar yankan ciyawa kafin ta kai ga solonoyid, wato makunnin da ke sakar wa sitata wutar batir ta juya injin. In ba ka taka birki ba, ko ka bar wuƙa a kunne, ko ƙyas ba za ka ji ba. Mutane da yawa a nan suke yanke hukuncin batir ya mutu, su sayi sabo, alhali mitar awon wuta za ta nuna musu bolt 12.6, wato cike yake.

Hanya ta biyu ta kashewa ce, kuma ita ce mai rikita har wanda ya saba da wayarin ɗin mota. Kwayil ɗin da ke ba fulogi wuta bai dogara da batir ba, maganaɗisun da ke jikin filawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa tare da injin, ne ke ciyar da shi. Don haka ba a kashe injin ta yanke masa wuta, sai dai a haɗa wayar kwayil da ƙarfen bodi, wutar ta zurare. Aikin makunnin kujera ke nan: da zarar ka ɗaga jikinka alhali wuƙa na juyawa, sai ya haɗa wayar da bodi, injin ya mutu nan take. Na gwada sabon a fili, na ɗan miƙe, kafin in gama miƙewa ya yi tsit. A gargada kuma bai riƙa kashe injin haka kawai ba.

Ƙorafina biyu ne. Launin wasu wayoyin ya saɓa da na tsoffin, sai da na bi haruffan bayan makulli, B na batir, S na sitata, M na kwayil, G na bodi. Sannan soket ɗin ba su da robar hana ruwa, ga injin da kullum yana cikin raɓa. Na shafa musu giris na lantarki don kada tsatsa ta kama su.

Wani maƙwabcina ya ba ni shawarar in tsallake makunnin ribas, wanda ke hana yanka yayin ja da baya, wai ɓata lokaci ne. Ban yarda ba, kuma ina roƙon duk mai irin wannan injin kada ya yarda. Tun a 2003 ƙa'idar kariya ta injinan yankan ciyawa ta Amurka, ANSI B71.1, ta shigar da wannan tsari, saboda yaran da ake takewa a baya, direba bai gan su ba, ƙarar inji ta hana shi jin su. Ina da yara ƙanana, kuma da sun ji an tayar da inji tsakar gida suke nufa a guje.

Mai niyyar saye ya ɗaga kujera ya kwafi lambar samfurin injinsa tukuna, domin makunnan injinan kamfanonin John Deere da Husqvarna da Cub Cadet suna kama a ido, amma haɗin cikinsu ba lallai ya zama ɗaya ba. Kuma ya cire wayar batir ta baƙa kafin ya taɓa komai.