Fetur da kananzir: uwa ɗaya, hali daban

Wata 'yar uwa a zauren nan ta yi tambaya: tunda fetur da kananzir duk daga ɗanyen mai suke fitowa, me ya sa ake zuba kananzir a risho a yi girki lafiya lau, amma fetur ko kaɗan ya shiga fitila sai a ji mummunan labari?

Hajiya, gaskiyarki, uwarsu ɗaya. Ɗanyen mai taron sinadarai ne da aka gina da abu biyu, kabon da haidirojin, ƙwayoyin kabon ɗin a jere kamar 'ya'yan carbi. Wani carbin gajere ne, wani dogo. A matatar mai, kamar ta Zinder, ana dafa ɗanyen man ya kai wajen digiri 350, tururinsa ya hau wata doguwar hasumiya mai zafi a ƙasa da sanyi a sama. Masu gajeren carbi su ke kaiwa can sama, daga cikinsu ake haɗa fetur, mai kabon kamar 5 zuwa 12. Kananzir a ƙasa da shi ake tara, kabon ɗinsa kamar 10 zuwa 16. Sai man gas na manyan motoci, can gindi kuma kwalta. Nauyinsu ma ya nuna haka: litar fetur giram 740 ce ko kusa da haka, ta kananzir wajen 800.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, ba ruwan man ne ke kamawa da wuta ba, tururin da ke tashi daga kansa ne. Fetur yana fitar da tururin da zai kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili. Wato babu ranar da Allah ya yi, ko a tsakiyar hunturun Jos, da fetur ba ya shirye. Tururin nasa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya je ya tarar da murhu a can gefen tsakar gida, wutar ta biyo shi ta dawo jarka. Shi kuwa kananzir sai ya ɗumama ya kai aƙalla digiri 38 kafin ya ba da isasshen tururi. Shi ya sa yake buƙatar lagwani, ya riƙa jawo shi kaɗan-kaɗan zuwa bakin harshen wuta, zafi ya mai da shi tururi, ya ci a natse. (Mutanen Sakkwato da Maiduguri, zafinku na watan Afrilu yakan wuce 38, kada a bar galan a rana.)

A inji kuma abin juyawa yake. Injin babur da janareto suna son man da zai zama tururi nan take ya jira tartsatsin fulogi. Kananzir ba ya yin haka, sai inji ya yi ta ƙwanƙwasa da hayaƙi. Amma jirgin sama mai injin jet wani tataccen kananzir yake sha.

Gaurayen su biyun shi ne ya fi tayar mini da hankali. A cikin tankin fitilar ƙwai akwai sarari tsakanin mai da murfi. In kananzir ne zalla, tururin da ke wurin bai kai ya kama ba. In fetur ya shiga ko da ɗan kaɗan ne, tururinsa da iskar da ke sararin sukan haɗu daidai yadda wuta ke so, ga lagwani yana ci a sama, sai tanki ya fashe ya watsa mai a jikin wanda ke kusa. Yawanci mata da yara ne a kusa. Ba kullum ne ha'inci ba, wani lokaci jarkar da aka auno fetur jiya ita aka auno kananzir da ita yau.

Ido ba ya rabe su sosai. Ki ɗiga kaɗan a kan takarda, nesa da wuta: fetur zai bushe da sauri, kananzir zai daɗe yana maiƙo. In kin ji warin fetur a kananzir ɗin da aka sayo miki, kada ki gwada shi da ashana, ki mayar. Ki ware wa kowanne jarkarsa, kuma ki kashe fitila ko risho ya huce tukuna kafin ki ƙara mai.