A ɓoye shi a gida ko a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba?

Yaro yana shan Ritalin, ƙwayar da ke ƙara mai da hankali, ba likita ya rubuta masa ba, wai don karatu, baya barci, baya cin abinci, zuciya na bugawa, yana zargin kowa. Mutanenmu a Agege da Idi-Araba a Legas sai su ce a kulle shi a ɗaki a ƙwace ƙwayar, asiri ya rufu. Eh ba a kashe kuɗi, amma in ya daina farat ɗaya kasala da baƙin ciki kan danne shi, wani har ya fara tunanin kashe kansa ba mai lura. Asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba kuwa akwai layi, akwai surutun mutane, amma likita zai duba ko dama yana da ADHD, wato matsalar kasa mai da hankali da rashin natsuwa, a zauna da shi a kai a kai ana ba shi shawara. Wallahi gara Yaba.