Eriyar Yagi ko mai tsani: wacce za ka dora kan rufi a Dass?

Duk wanda ke zaune a gindin duwatsun Dass ya san wahalar sabis. Eriya biyu ake yawan kawowa daga Bauchi don jawo intanet cikin gida, kuma daga nesa kamar 'yan uwa suke.

Yagi ta girme. A Japan aka kirkiro ta a 1926, hannun Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi. Sanda daya ce kawai a cikinta ke hade da waya. Ta bayanta tana mayar da sigina gaba, na gabanta suna tattara shi. Shi ya sa take ja da karfi, amma zango daya kadai ta sani, wato tsawon igiyar sigina iri daya.

Mai tsani, wadda masana ke kira log-periodic, ta fito daga Jami'ar Illinois ta Amurka a karshen shekarun 1950. Matso kusa ka duba: kowace sanda ta fi ta gabanta tsawo da ma'auni iri daya, duk an hada su da waya, ana musanya bangaren wayar daga sanda zuwa sanda. Sigina ya zo, sandar da tsawonta ya kai rabin zangonsa ita ke amsawa, makwabtanta su taya ta. A megahaz 900 (megahaz shi ne ma'aunin saurin kadawar sigina) tsawon sandar wajen santimita 16 ke nan, a 1800 rabin haka.

Ni dai mai tsani nake ba mutane shawara, don layukan waya suna sauya zango, ita kuwa tana kama zango da yawa. Sai in turken sabis ya yi nisa sosai kuma ka san zangonsa, to dauki Yagi, ka saita bakinta daidai.