Shagon ɗinkin da ya haɗa mana barguna don marayu

Tun watan Oktoba nake tara ƙyallayen atamfa da shadda da teloli ke zubarwa, har buhu ya cika. Niyyata a haɗa barguna kafin hunturu ya kankama, a kai gidan marayu na Nassarawa a nan Kano. Kekena Butterfly ce ta ƙafa, ba ta iya ratsa ninki uku, sai na kai aikin wani shago a unguwarmu.

Mai shagon dattijuwa ce. Da na zazzage buhun, ta ware ƙyallen leshi gefe guda. "Ƴata, wannan zai riƙa sosa fatar jariri," in ji ta. Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ta sa na wanke sauran na goge, don atamfar da ke zuba kada ta ɓata maƙwabciyarta. Yadin shafi na auduga kuwa Kantin Kwari ta tura ni na sayo.

Ɗinkinta ya burge ni ƙwarai. Kowane baki ta bi shi sau biyu, na ja da ƙarfi ban ji zare ya motsa ba. Wani bargon shuɗi da ruwan goro, da ƙyar na iya rabuwa da shi.

Inda ta ɓata mini rai alkawari ne: mako biyu ta ce, sai da aka yi huɗu, sanyi ya riga ya sauka kan yaran. Kuɗin zare kaɗai ta karɓa a barguna 12. Baɗi zan koma wurinta, amma tun Agusta.